Shakkar kai da ƙarfin hali: tambayoyin da mata 'yan kasuwa suka fi yi

Tambayoyin nan su ne suke ta maimaituwa a bakin mata masu sana'a da masu shirin farawa. Wata a gaban kowa take yin tata, wata kuma sai taro ya watse ta ja ki gefe ta rage murya. Na fara da na zuci na gangaro zuwa na aljihu. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, kina iya tsallakawa zuwa wadda ta fi damun ki.

1. Mutane suna yaba aikina, ni kuwa gani nake sa'a ce kawai, wata rana za a gano ban iya ba. Me ke damuna?

Abin da ke damun mata da yawa da suka yi miki nisa. A 1978 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa abin da suka gani a wurin mata sama da 150, cikinsu har da masu digirin digirgir da ƙwararru a fannoninsu. Ga takardun shaida, ga lambobin yabo, amma matan nan suna ji a ransu cewa ruɗin mutane suke yi, kuma asirinsu zai tonu. Yadda suke lissafi shi ne abin dubawa: in abu ya yi kyau, sa'a ce ko kuskuren masu tantancewa, in ya lalace, to ga shaida, dama ba su iya ba.

Duba ko haka kike yi. Mutum goma sun karɓi kaya sun yi godiya, ɗaya ta dawo da ƙorafi, sai ki kwana kina juya maganar ɗayar. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru yadda ya faru: wa ya saya, wa ya dawo ya sake saye, wa ya turo wani. Wanda ya dawo karo na uku da kuɗinsa a hannu ba tausayinki ne ya kawo shi ba. Zuciya takan sauya magana da tsakar dare, abin da ke rubuce a takarda yana nan yadda kika bar shi.

2. Wai mu mata ne muka cika rashin yarda da kai, ko kuwa duniyar ce ta sa mu haka?

Binciken da ya biyo bayan na 1978 ya nuna maza ma suna fama da wannan ji. Amma ruwa ba ya tsami banza. A Amurka, ƙasar da ake kafa misali da ita, sai a 1974 doka ta hana banki ƙin ba mace bashi don ita mace ce ko don ba ta da aure, kuma sai a 1988 aka kawar da sharaɗin cewa sai namiji ɗan'uwanta ya sa hannu kafin a ba ta rancen kasuwanci. Rahoton Bankin Duniya na 2024 ya ce matan duniya ba su samun ko kashi biyu cikin uku na kariyar doka da maza ke samu. A kuɗin da masu zuba jari ke bai wa sababbin kamfanoni a Amurka, abin da ke isa ga kamfanonin da mata zalla suka kafa yana yawo ne wajen kashi 2 cikin 100.

Shi ya sa ba na son shawarar nan ta "ki dai yarda da kanki", kamar dukkan matsalar a cikin kan mace take. Macen da aka rufe wa ƙofa sau biyar ba hauka take ba in ta tsaya tana jinkiri a bakin ta shida. Abin yi shi ne ki raba su gida biyu. Akwai shingen da ke waje, wanda ke buƙatar dabara da takardu da mutane (tambaya ta 10 da ta 12). Akwai kuma wanda kika ɗauko daga waje kika dasa a zuciyarki har ya koma magana da muryarki. Wannan na biyun shi ke hana ki ƙwanƙwasa ƙofar da a buɗe take.

3. Yaya zan gane shakka mai amfani daga tsoron banza?

Shakka mai amfani, da tambaya take zuwa, kuma tambayar tana da amsa. "Kuɗin ɗauko kaya ba zai cinye ribar ba?" Wannan biro da takarda za su raba gardamarsa cikin rabin awa. Tsoron banza da hukunci yake zuwa: "Ke wace ce da za ki yi wannan?" Babu lissafin da zai amsa shi.

Gwada ki gani. Ki nemo amsar abin da ke damun ki. In hankalinki ya kwanta, shakka ce ta gari, ta yi aikinta ta tafi. In kina gama amsawa wata ta tsiro, kika amsa ita ma wata ta sake tsirowa, to ba amsa ake nema ba, hanyar hana ki motsi ake nema.

4. Ba gara in jira sai na samu ƙarfin gwiwa sosai sannan in fara ba?

A'a, kuma wannan ce amsar da ta fi sauran muhimmanci. Ƙarfin gwiwa a bayan aiki yake zuwa. Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutum ke yarda zai iya abu, ya bayyana a 1977 cewa yardar daga wurare huɗu take fitowa: abin da kika taɓa yi da hannunki ya yiwu, ganin irinki ta yi, ƙarfafawar baki daga wasu, da yadda kike fassara abin da jikinki ke yi, irin su bugun zuciya da gumin tafin hannu. Na farkon ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa kike fitowa daga taron ƙara wa juna ƙwarin gwiwa kina jin za ki iya ɗaga dutse, bayan kwana uku abin ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa. Magana ce ta hura shi, ba abin da ke riƙe da shi.

Ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Ni dai ban ga inda ta ƙyale mace ba, kuma ban ɗauke ta asara ba sai in ta hana tafiya. Ranar da za ki fara kiran baƙuwa a waya ki tallata mata hajarki, gabanki zai faɗi, muryarki ma ta yi rawa. Ki kira yana faɗuwa. Kira na goma ba zai yi kama da na farko ba, kuma ba wani ne ya yi miki huɗuba a tsakani ba, tara ɗin da suka wuce ne suka yi aikin.

Don haka ki zaɓi matakin da za ki iya gamawa a makon nan. Mafi kyawunsa a wurina shi ne ki sayar wa mutum ɗaya wanda ba danginki ba ne, ba ƙawarki ba ce, ba ya jin kunyar ce miki a'a.

5. Me ake nufi da ɗaukar mataki na ƙarfin hali? In ajiye aikina in zuba duk abin da na tara?

Wannan caca ce aka yi mata kwalliya. Saras Sarasvathy, malama a Jami'ar Virginia, ta zaunar da gogaggun 'yan kasuwa 27 da suka kafa manyan kamfanoni, ta ba su matsala ɗaya ta ce su warware suna faɗin tunaninsu a fili. Ta tarar ba da "nawa zan samu?" suke farawa ba. Suna farawa da abin da ke hannunsu: su wane ne, me suka sani, wa suka sani. Sannan su tambayi kansu nawa za su iya asara ba tare da sun durƙushe ba, su tsaya a nan. Wani binciken da Joseph Raffiee da Jie Feng suka wallafa a 2014, a kan Amurkawa sama da 5,000, ya nuna waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu na albashi sun fi tsira, haɗarin rushewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda suka ajiye aiki tun ranar farko.

Sara Blakely, wadda ta kafa kamfanin kayan sawa na mata Spanx a 2000, da dala 5,000 na ajiyarta ta fara. Shekara biyu tana yawon tallar injin faks ofis-ofis da rana, dare da ƙarshen mako tana aikin kayanta, masaƙun da ta tuntuɓa kuma suna ta sallamarta. A ina ƙarfin halinta yake? A komawar da take yi bayan an ce mata a'a, da shigar da ta yi wurin mai saro wa wani babban kanti kaya ta nuna kayan a jikinta. Duk wannan ba jari mai yawa ya buƙata ba.

Ƙarfin halin da ya fi kawo kuɗi yawanci mai arha ne a aljihu, mai tsada a fuska: ki nemi ganawa da wanda kike jin ya fi ƙarfinki, ki faɗi farashinki ba tare da ba da haƙuri ba, ki bi bashinki, ki ce a'a ga cinikin da ba riba.

6. Tsoron asara ya hana ni barci. Yaya zan yi da shi?

Haka aka halicci ɗan'adam. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, kuma awon da suka yi daga baya ya nuna kusan ninki biyu ne. Ma'ana sikelin da ke kanki a karkace yake tun asali. Asara kuma gaskiya ce: ƙididdigar hukumar ƙwadago ta Amurka ta daɗe tana nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Juya lambar ki gani, huɗu cikin biyar suna ganin shekara ta biyu.

Tsoron da ba shi da adadi ba shi da iyaka, don haka ki ba shi adadi. Rubuta iyakar kuɗin da in suka tafi ba za a rasa kuɗin haya ko na makarantar yara ba, da iyakar watannin da za ki ba gwajin. In ruwa ya zube ya bar tulu, da sauƙi. Sannan ki yi abin da masanin yanke shawara Gary Klein ya koyar: ki ɗauka shekara ta zagayo, kasuwancin ya mutu, ki zauna ki rubuta abin da ya kashe shi. Za ki yi mamakin yadda dalilan za su zubo, kuma uku ko huɗu ne na gaske a ciki. Su za ki yi wa rigakafi. Mai tambaya ko wannan bai saɓa wa dogaro ga Allah ba, ta tuna mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

7. Na fi shekara ina shiri, har yau ban fara ba. Lalaci ne?

Da wuya. Malalaciya ba ta kwana tana bincike. Shiri wuri ne mai daɗin ɓuya, don a cikinsa ba mai ce miki a'a. Ni kaina na yi wata takwas a ciki. Na sauya launin tambarina sau huɗu, na yi kwas biyu a intanet, na cika littafi da tsare-tsare, ban nuna wa mai saye ko ɗaya kayana ba. Wata rana ƙanwata ta gaji ta ce, "Yaya, miƙo wayar nan." Ta rubuta saƙo layi uku zuwa ga wata da na daɗe ina cewa zan tuntuɓa, ta miƙo mini ta ce, "Ke za ki danna." Na riƙe wayar kamar garwashi, na danna. Matar ba ta ma saya ba, amma ta yi mini tambaya ɗaya game da girman kayan wadda wata takwas na shiri bai taɓa kawo mini ita ba.

Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan'adam, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika fiye da wadda aka bari a sake. "Zan fara talla" ba ya zuwa ko'ina. "Ranar Talata, da na sauke yara a makaranta, zan kira mutum uku na farko a jerina kafin in buɗe WhatsApp" yana da ƙafafu. Ki faɗa wa mutum ɗaya da zai tambaye ki ranar Laraba.

8. Ina jin tsoron abin da mutane za su ce, musamman na gida.

Mutanen waje tukuna, don nasu ya fi sauƙi: ba sa kallonki yadda kike zato. A Jami'ar Cornell, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa suka tura su cikin ɗaki. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Kowa da abin da ke cin ransa.

Na gida daban ne, don maganarsu tana da nauyi kuma sau da yawa ƙauna ce ta fito da kayan tsoro. Mahaifiyar da ta ce "ki rufa wa kanki asiri" ba baƙin ciki take miki ba. Blakely ta ɓoye tunaninta wa 'yan'uwa da ƙawaye har shekara guda, don ta san tunani sabon haihuwa ba ya jure yawan hannu. Ba lallai ki yi haka ba, musamman ga maigida, wanda lokacin gida da kuɗin gida suka shafe shi. Amma kada ki je masa da mafarki tsirara. Ki je da takardar nan ta tambaya ta 6: ga abin da zan sa, ga iyakar abin da zai iya tafiya, ga ranar da za mu zauna mu duba. Wanda aka nuna wa iyakar rami ya fi saurin yarda a tsallaka. Ga masu ganin kasuwanci bai dace da mutuncin mace ba, Nana Khadija (RA) attajira ce mai ɗaukar maza su yi mata fatauci, kuma dukiyarta ce Annabi (SAW) ya kai Sham tare da yaronta Maisara tun kafin aurensu.

9. Kunya nake ji in faɗi farashi, kuma da an taya sai in sallama. Yaya zan daina?

Kalli yadda abin ke faruwa. An ce "nawa?" Kin faɗa. Mai saye ta yi shiru tana juya kayan a hannu. Shirun nan bai fi daƙiƙa uku ba, amma ke kin ji shi kamar shekara, sai bakinki ya riga ki: "Amma zan rage miki." Ba ta nemi ragi ba, ke kika taya wa kanki. Aikin farko shi ne ki koyi zama cikin shirun. Faɗi farashi, rufe baki, ƙirga biyar a zuci.

Na biyu, ki san ƙasan farashinki tun kafin a zo: kuɗin kaya, na sufuri, na marufi, na kati da data, abin da ke lalacewa ko ya yi kwantai, da ladan lokacinki, wanda mata suka fi mantawa da shi. Wadda ta san lambar nan "albarka" ba ya mata nauyi a baki. Kunyar kuma tana da tushe. Hannah Riley Bowles da Linda Babcock sun nuna cewa mutane sun fi ƙyamar mace in ta nemi ƙarin kuɗi fiye da namijin da ya nemi irinsa. Amma sun kuma gano cewa mata suna ciniki da kyau sosai in a madadin wani suke yi. To ki yi amfani da wannan. Ba wa kanki kike roƙo ba, wakiliyar kasuwancin ce ke, mai albashin ma'aikata a wuya da kayan da za a sake sarowa.

Bashin 'yan'uwa da ƙawaye ma nan ya shigo. Ki kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, kafin alƙalami kafin a fara aiki, cikon kuɗi kafin kaya su fita, don ki riƙa cewa "ƙa'idar ce haka" maimakon "ban yarda da ke ba".

10. Zan je neman rance ko jari. Me zan tarar, kuma yaya zan tsaya da ƙafata?

Za ki iya tarar da tambayoyi masu jan ki baya. Dana Kanze da abokan aikinta sun saurari yadda masu zuba jari suka yi wa kamfanoni 189 tambayoyi a gasar sababbin kamfanoni ta TechCrunch Disrupt a New York daga 2010 zuwa 2016. Kashi 67 cikin 100 na tambayoyin da aka yi wa maza a kan bunƙasa ne: ina za ka kai, kasuwar nawa ce. Kashi 66 na waɗanda aka yi wa mata a kan kauce wa asara ne: yaya za ki hana kwastomomi guduwa, in abu ya lalace fa. Masu zuba jari mata ma irin tambayoyin da suka yi ke nan. Waɗanda suka amsa tambayar tsoro suka zarce da maganar bunƙasa sun tara kuɗi ninkin-ba-ninkin waɗanda suka tsaya kare kai. In an ce "yaya za ki riƙe kwastomominki?", ki amsa a jimla biyu, ki ɗora da yawan waɗanda ba ki kai gare su ba tukuna da yadda kuɗin nan zai kai ki.

Ki kuma sa a ranki cewa a'a ta farko ba hukuncin ƙarshe ba ce. Anita Roddick ta je banki a Ingila neman fam 4,000 don buɗe shagon kayan kwalliya na The Body Shop na farko a Brighton a 1976, aka hana ta. Ta koma da lissafi a rubuce, da shigar ofis, da mijinta a gefe, aka ba ta. Abin haushi ne, amma shagon ya buɗe. Kiran Mazumdar-Shaw ta kafa Biocon, wanda ya zama babban kamfanin haɗa magunguna, a garejin gidan haya a Bangalore ta Indiya a 1978 tana da shekara 25, bankuna suna gudunta, masu neman aiki ma suna ƙin yi wa mace aiki. Melanie Perkins ta Canva, manhajar zane a intanet, ta sha a'a fiye da sau 100. Duk wanda ya hana ki, ki tambaye shi abu ɗaya kafin ki tashi: "Me za ka gani a takardar nan da zai sa ka sake tunani?" Amsarsa ita ce ribar zuwanki. Kuma kada ki ci bashi don ki gwada ko kaya za su karɓu. Gwaji da kuɗin da aka iyakance a tambaya ta 6 ake yinsa, bashi na faɗaɗa abin da ya riga ya nuna yana tafiya ne.

11. Ban yi karatun kasuwanci ba, shekaru kuma sun ja. Ban makara ba?

A birnin Lome na ƙasar Togo an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. Wasu aka koya musu darasin kasuwanci na gargajiya, lissafi da talla da sauransu. Wasu aka koya musu halin zaburar da kai, wato fara abu ba sai an ce ba, hango matsala, neman sabuwar hanya, da naci bayan cikas. Wasu ba a koya musu komai ba. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar 'yan rukuni na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 cikin shekara biyu, ta 'yan darasin gargajiya kuwa da kashi 11. Lissafi dole ne, ki koye shi, amma ba takardar shaida ce ke sayar da kaya ba.

Batun shekaru kuwa, binciken Pierre Azoulay da abokan aikinsa a Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne. Madam C.J. Walker, wadda aka haifa a Amurka a 1867, marainiya tun tana shekara 7, bazawara tana shekara 20, wankau ta yi shekara da shekaru. Ta kusa 40 kafin ta fara sayar da man gashinta, ta rasu a 1919 da dubban mata suna cin abinci a ƙarƙashinta.

12. Ina ciniki amma ban ga kuɗi ba, har na fara zargin ni ce ban iya ba.

Kafin ki yanke wa kanki hukunci, bi sawun kuɗin. A Sri Lanka an taɓa raba wa masu ƙananan sana'o'i tallafin jari, sai aka ga ribar maza ta tashi, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. An yi ta fassara. Daga baya, a 2019, wasu masu bincike suka sake duba bayanan Sri Lanka da Indiya da Ghana suka gano inda gizo ke saƙa: a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin matar sau da yawa can suke komawa. Inda ita kaɗai ce mai sana'a a gidan, jarinta yana haihuwa yadda ya kamata.

Ko ba miji, akwai kuɗin makaranta, asibiti, ɗan'uwa da ya shiga matsala, duk daga jaka ɗaya. Ki ware asusun kasuwanci daban, ki yanka wa kanki albashi ko yaya ƙanƙantarsa, taimakon gida ya riƙa fita daga albashin. Uwar kuɗi ba a taɓa ta. Wata uku da wannan tsari za su nuna miki ko sana'ar ce ba ta da riba, ko kuwa ribar ce ke fita ta ƙofar baya.

13. Da wa zan riƙa shawara? Kallon shafukan wasu mata yana karya mini gwiwa.

Shafin Instagram tagar shago ce, ba wadda ke ɗora hoton kayan da suka yi kwantai ko bashin da ake bin ta. In shafi yana sa ki ajiye waya jiki a sanyaye, ki daina bin sa, ba gaba ba ce. Abin da Bandura ya ce yana ƙarfafa mutum shi ne ganin irinsa ya yi, don haka wadda ta riga ki da shekara biyu ta fi miki amfani a kan wadda ta riga ki da ashirin, ita ba ta manta yadda farko yake ba.

A Ahmedabad ta Indiya an gayyaci mata abokan hulɗar bankin SEWA, na mata masu sana'ar kansu, horon kasuwanci na kwana biyu, aka ce wa wasunsu su zo da ƙawa. Bayan 'yan watanni, waɗanda suka zo da ƙawa sun fi karɓar rance don sana'a, harkarsu kuma ta fi motsi. Darasi ɗaya aka koya wa kowa. Ki nemi mace ɗaya ko biyu da za ku riƙa buɗe wa juna littafin lissafi, ba labari kawai ba.

14. Na taɓa karyewa. Yaya zan sake yarda da kaina?

Da farko ki raba "kasuwancin ya faɗi" da "ni faɗaɗɗiya ce". Ki zauna da takarda ki kasa abin da ya faru kashi uku: abin da kika yi kuskure, abin da ba ki sani ba a lokacin, da abin da ba ya hannun kowa, kamar tashin farashin kaya ko annobar 2020 da ta rufe shagunan duniya. Kashin farko kaɗai ne naki, kuma yawanci bai kai yadda kike ɗauka ba. In da bashin mutane a kanki, ki je musu da kanki da tsarin biya kafin su zo miki, domin sunanki shi ne jarin da za ki sake farawa da shi. Sannan ki koma tambaya ta 4 ki fara da ƙaramin mataki, ƙarami har ki ji kamar raini ne.

15. Yaushe abin ya wuce tsoron kasuwanci ya zama na ganin likita?

In damuwar ta bi ki har inda ba ruwan kasuwanci: barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kike jin daɗinsa da ya daina yi miki daɗi, kuka ba dalili, ko bugun zuciya da toshewar numfashi suna zuwa haka kawai. Likitoci suna ɗaukar mako biyu a jere na irin wannan hali a matsayin alamar da ya kamata a duba, musamman ga mai jego. Wannan ba ya jin shawarar tambaya ta 4, kuma naci ba ya warkar da shi. Ki ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, yau za ki faɗa wa wani na kusa, ya raka ki asibiti.